Yadda ake buɗe salansar injin yankan katako a ƙara masa ƙarfi ba tare da an ƙone fistan ba

Injin yankan katako, ko Stihl ne ko Husqvarna ko ƙananan nan ƙirar Chana masu lamba 5200 da 5800, tsarin numfashinsu ɗaya ne. Ba su da bawul irin na mota. Fistan da kansa yake buɗe ƙofar shigar mai da ta fitar hayaƙi, kuma duk juyi ɗaya na inji sai wuta ta tashi sau ɗaya. A ɗan lokacin da fistan ya sauka ƙasa, dole hayaƙin da ya ƙone ya fice, sabon gaurayen iska da mai ya maye gurbinsa. Idan mafita ta matse, wani sashe na hayaƙin zai maƙale a silinda, ya tare wurin sabon mai, zafi kuma ya taru a gefen salansa.

Kamfanoni sun san da haka, dole ce ta sa suka matse. Tun daga 1997 Amurka ta fara aiki da dokar rage hayaƙin ƙananan injuna, Turai ma ta biyo baya, ga kuma dokar rage ƙara. Sai aka riƙa ƙanƙanta bakin salansa, ana sa 'yan hulunan roba a kan sukurorin kafireta don kada a ƙara mai fiye da yadda aka ƙayyade. Injin da aka ƙera don waɗannan kasuwanni yakan zo da ƙarfin da aka danne, shi ya sa in aka buɗe masa hanya yake sakewa, ya ƙara ja a cikin itace, ya kuma rage zafi.

Amma ka riƙe wannan tun kafin ka taɓa sifana: duk iskar da ka ƙara wa inji, sai ka bi ta da mai. A irin wannan inji, fetur ɗin da aka gauraya da man 2T, wato man inji na musamman da ake zubawa cikin fetur, shi ne abinci, shi ne mai shafe fistan, shi ne kuma yake sanyaya shi. Wanda ya huda salansa ya koma aiki bai taɓa kafireta ba zai ji injin yana ihu, ya yi murna, alhali fistan ne yake soyuwa. Hudar ba ta da wuya. Saitin da ke biyo bayanta shi ne aikin.

Ka fara tabbatar da lafiyar injin

Kwance notinan salansa bayan injin ya huce, ka cire ta, ka haska fitila cikin ƙofar hayaƙi. Ja igiyar tayarwa a hankali kana kallon fistan yana hawa yana sauka. Mai lafiya sumul yake, da ɗan danshin mai a jikinsa, ringi kuma yana ɗan motsi in ka danna shi da tsinke. In ka ga zane-zane a tsaye daga sama zuwa ƙasa, ko ringi ya manne a raminsa, tsaya nan. Wannan inji ya riga ya sha zafi, gyara yake buƙata kafin a yi maganar ƙarin ƙarfi.

In kana da abin auna matsi, lafiyayyen inji yakan ba da wajen 150 a ma'aunin psi, kuma wanda ya faɗi ƙasa da 120 ya gaji. In babu, ɗaga injin da igiyar tayarwa kawai. Mai matsi zai riƙa sauka da tsaiko, wanda ya saki kuwa zai zarce ƙasa.

Sai ka nemi ɓarauniyar iska. Alamominta sanannu ne: silo, wato juyin inji in ba a danna totur ba, ba ya zama wuri ɗaya, injin yana tashi da kansa, ko sautinsa ya canza in ka kwantar da shi a gefe. Yawanci robar da ta haɗa kafireta da silinda ce ta tsage, ko tiyon mai, ko robobin da ke rufe gefen ƙarfen da fistan ke juyawa. Injin da ke shan iska ta bayan fage ba ya karɓar saiti, kuma buɗe masa salansa gaggauta mutuwarsa ne.

Wanke matatar iska. A lokacin hunturu, ƙurar da ke shiga cikinta a yini guda ta isa ta shaƙe inji, har mutum ya ɗora wa salansa laifin da ba nata ba. Canza 'yar matatar da ke cikin tanki, ka duba fulogi, tazarar bakinsa ta zama milimita 0.5. Sannan ka wasa sarƙa. Ina nanata wannan domin mafi yawan injunan da ake cewa ba su da ƙarfi, sarƙarsu ce ta dakushe. Haƙori mai kaifi yana fitar da ɓarɓashi manya, dakusasshe kuwa gari yake fitarwa. Kusurwar wasawa digiri 30 ce in gicciye ake yanka, wajen digiri 10 in tsagar katako ake yi a tsaye. Ɗan tudun da ke gaban kowane haƙori ya zauna ƙasa da shi da milimita 0.65 a sarƙar 3/8, ko 0.8 a babbar sarƙa ta .404.

Kafin ka canza komai, samu gungume ɗaya mai kauri iri ɗaya, ka yanka shi sau uku wani yana riƙe da agogon waya. Rubuta daƙiƙun, ka ajiye ragowar gungumen. Kunne yana ruɗi, domin duk injin da ya ƙara ƙara sai a ɗauka ya ƙara ƙarfi.

Wane inji ne ya cancanci a taɓa

Matsakaita da manya masu saurin juyi, irin su Stihl MS 381 da MS 660 da Husqvarna 365 da 372XP, su ne suka fi nuna bambanci. Ƙananan ƙirar Chana ma suna sakewa, sai dai ƙarfen jikinsu ba ya jure wasa, don haka a bi su da sauƙi. Babban Stihl 070 kuwa, wanda masu tsaga katako a Afirka ta Yamma suka fi sani, labarinsa daban ne. Girman injinsa ya kai cc 106, amma ba don gudu aka yi shi ba. Yana da gwamna, wani ɗan faifai da iskar fanka ke turawa ya rage masa juyi in ya so wuce iyaka. A ganina, share masa salansa da saita shi daidai ya fi huda ta amfani, kuma kada ka yarda wani ya cire maka gwamnan da sunan ƙarin gudu.

In injin sabo ne yana cikin garanti, ka sani huda salansa tana kashe garantin. In kuma murfin gaban salansar yana cirewa, sayi wani ka yi aikin a kansa, na asali ya zauna a ajiye.

Awo kafin huda

Ƙa'idar da masu wannan gyara suka fi bi ita ce girman filin mafitar salansa gaba ɗaya ya kai kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na girman filin ƙofar hayaƙi. Ƙofar da ake nufi ita ce ta can ciki, inda ta haɗu da bangon silinda, ba bakin waje da ya fi faɗi ba. Ɗaga fistan ya rufe ƙofar, ka yanki ɗan kwali kana rage shi har ya shiga ya zauna daidai a jikin fistan, sannan ka auna kwalin.

A ce ka samu faɗi milimita 26, tsayi 15. In ka ninka su da juna, girman filin 390 ke nan, amma tunda kusurwoyin a lanƙwashe suke, ɗauki kashi huɗu cikin biyar, wato wajen 310. Kashi 70 zuwa 80 na wannan ya kama daga 218 zuwa 250. Yanzu auna ramin da kamfani ya bari. In zagayayye ne mai milimita 12, girman filinsa 113 ne kacal. Ramin milimita 10 yana ba da wajen 79, na 14 kuma 154. Ka ga in ka ƙara rami ɗaya na milimita 10 ka kai 192, in ka buɗa shi zuwa 12 ka kai 226, ka shiga cikin iyaka.

Fara da ƙaramin. Ƙarfen da ka cire ba ya komawa sai da walda. In mafita ta yi yawa, sabon man da ya shigo silinda zai bi hayaƙi ya fice bai ƙone ba, silo ya lalace, shan mai ya ƙaru, ƙara ta dame ka, ƙarfin kuma bai ƙaru ba.

Aikin kansa

Kada ka taɓa huda salansa tana jikin inji. Ɗan ɓarɓashin ƙarfe guda in ya faɗa silinda ya isa ya zane ta. Cire ta, ka mayar da fistan sama, ka toshe ƙofar da tsumma mai tsabta.

In salansar mai rabewa biyu ce, buɗe ta ka duba ciki. Sau da yawa za ka tarar da kunkunniya ta daskare ta cinye rabin hanya, musamman a injin da aka daɗe ana zuba wa baƙin man mota a madadin 2T. Kankare ta, ko ka gasa salansar a wuta a fili har ta koma toka ka kakkaɓe. Ƙofar hayaƙin ma ka kankare ta da katako ko roba mai tauri, ba da sukundireba ba, kana karkata injin yadda dattin zai zubo waje. Akwai injunan da wannan sharar kaɗai take dawo musu da ƙarfinsu.

A ciki za ka iya samun faranti ko ɗan keji mai ƙananan ramuka da hayaƙi ke bi kafin ya kai mafita. Nan ne sau da yawa matsin yake, kuma buɗa bakin waje ba zai yi amfani ba in na ciki a matse yake. Faɗaɗa ramukan, amma kada ka cire farantin gaba ɗaya in shi ne yake riƙe bututun da notina ke bi, domin salansar za ta lotse in ka ɗaure.

Wurin da za ka yi sabon ramin yana buƙatar tunani. Mayar da salansar ka gwada da ido: ina hayaƙin zai dosa? Kada ya bugi robar birkin sarƙa, ko murfin sama, ko tankin man sarƙa, ko hannunka na hagu. Mafi kyau shi ne gefen dama ta sama, hayaƙi yana fita gaba. Ramin da ke kallon gaba kai tsaye yana hura wuta a jikin ɓawon itace in injin ya nutse cikin babban gungume. Kada kuma ramin ya yi saiti da ƙofar silinda, domin datti zai sami hanya miƙaƙƙiya zuwa fistan.

Yi alama da ƙusa, ka ɗaure salansar a abin matsewa, ka fara da siririn bakin huda na milimita 4, kana ƙarawa har girman da kake so. Bi gefen ramin da magagari ciki da waje har ya yi sumul. Sai ka kai wa mai walda ya ɗora maka ɗan murfi a kan ramin, buɗe ta gaba, wanda zai karkata hayaƙin. Bakin murfin kada ya fi ramin ƙanƙanta, in ba haka ba ka mayar da matsin da ka cire.

A ƙarƙashin murfin ka sa raga. Mutane da yawa suna cire ragar da ke bakin salansa su yar, ni kuwa ban goyi bayan haka ba. Aikinta tare tartsatsi ne, kuma wanda ya san yadda ciyawa take bushewa daga Disamba zuwa Afrilu ya san abin da tartsatsi guda zai yi wa gona ko daji. A dazukan gwamnatin Amurka ba a yarda a tayar da inji babu ita ba. Nemi ragar ƙarfen da ba ya tsatsa, mai ido kusan rabin milimita. Ta sauro ta aluminiyam narkewa take yi. Ragar tana cin wani sashe na hanya, don haka ka ɗan ƙara girman ramin saboda ita, ka kuma ɗaure ta da sukuru yadda za ka riƙa cirewa kana gogewa.

Wanke salansar da ruwa da sabulu, ka girgiza, ka sake wankewa, ka hura mata iska, ka shanya ta bushe sarai. Zura yatsa da farin ƙyalle ka ga ko akwai sauran ƙarfe. Cire tsumman da ka toshe ƙofa, ka mayar da gasket, wato siririn faifan da ke hana yoyo tsakanin salansa da silinda, da farantin kare zafi yadda ka same su, ka ɗaure notina bi da bi.

Saitin kafireta

A gefen kafireta akwai sukurori uku. H na man babban gudu ne, L na man ƙaramin gudu, na ukun kuma, wanda Stihl ke rubuta wa LA, Husqvarna kuma T, na silo ne kawai. A H da L, juyawa dama rage mai ne, juyawa hagu ƙara mai ne. In akwai hular roba da ta hana H juyawa hagu, sai an cire ta ko an yanke ɗan haƙorinta. Sababbin injuna masu M-Tronic ko AutoTune ba su da waɗannan sukurori, da kansu suke daidaita mai.

Tun kafin ka tayar, juya H hagu rubu'in zagaye. In saitin ya riga ya rikice, mayar da H da L ciki a hankali har su taɓa, ba tare da matsawa ba don kada ka lalata mazauninsu, ka fito da kowanne zagaye ɗaya, sannan ka ƙara wa H rubu'in. Sarƙa tana ɗaure a jiki, matatar iska tana wurinta, tanki ya wuce rabi da irin man da za ka riƙa aiki da shi. Man 2T mai kyau ana sa mililita 20 a litar fetur, wato 50:1, wanda bai kai shi ba kuma wasu kamfanoni kan ce a ninka zuwa mililita 40, wato 25:1. Ga injin da aka buɗe, mililita 25 na mai kyau a lita ya fi kwantar min da hankali. A fili za ka yi wannan aiki, hayaƙin yana kisa a rufaffen ɗaki.

Tayar, ka bar shi ya yi zafi na 'yan mintuna. Fara da L: juya dama a hankali, silo zai tashi sannan ya fara neman mutuwa. Dawo hagu har inda ya fi tashi, ka wuce wurin da kusan rubu'in zagaye. Sai ka rage silo da LA ko T har sarƙa ta tsaya cak. Danna totur farat ɗaya. In ya yi jinkiri ko ya nemi shaƙewa kafin ya ɗauka, ƙara wa L mai kaɗan. In ya ɗauka da nauyi da hayaƙi, ko yana mutuwa bayan ya jima a silo, rage kaɗan.

Sai H, inda rayuwar injin take. Ajiye shi a ƙasa, sarƙa ba ta taɓa komai, ka riƙe shi da kyau, ka danna totur har ƙarshe na daƙiƙa uku ko huɗu. Sauti biyu za ka koya wa kunnenka. Akwai mai ɗan gurnani da kakkaryewa, wanda ke nuna mai ya wadata har injin yana tsallake wata wutar. Akwai kuma siririn sauti mai tsini, miƙaƙƙe kamar kukan sauro, wanda ke nuna mai ya gaza. Abin da ake nema shi ne injin ya yi gurnanin nan in babu kaya, da zarar sarƙa ta kama itace kuma sautin ya washe ya miƙe. In ka ɗan ɗaga hannu a tsakiyar yanka, gurnanin ya dawo. In yana gurnani har cikin itace, mai ya yi yawa, mayar da H dama kaɗan. In babu gurnani ko a iska, saki totur nan take ka ƙara mai. Kowane juyi kada ya wuce kashi ɗaya cikin takwas na zagaye.

Na'urar auna juyin inji tana cire shakka. MS 660 da 372XP iyakarsu 13,500 a minti, MS 381 kuma 12,500, kuma hikima ce ka tsaya ƙasa da iyaka da ɗari biyu ko uku. Ka yi hattara da injunan da kwayil ɗinsu, wato abin da ke ba fulogi wuta, ke yanke wuta in sun kai iyaka, da kuma 070 mai gwamna. Duka biyun suna yin sauti mai kama da gurnanin wadatar mai ko da man ya gaza. Irin waɗannan a cikin itace ake saita su, daga ɓangaren mai da yawa ana ragewa sannu a hankali.

Yanzu koma kan gungumen nan ka sake yanka uku da agogo. In daƙiƙu sun ragu, kana iya buɗa ramin zuwa mataki na gaba, ka sake saiti daga farko. In ka buɗa ba su ƙara raguwa ba, ka iso, kada ka ƙara. Bayan doguwar yanka, kashe injin nan take ka cire fulogi. Ruwan ƙasa shi ne daidai, baƙi mai danshi mai ya yi yawa, fari ko toka-toka kuwa haɗari ne.

Saiti ba ya zama har abada. Iskar sanyin safiyar hunturu ta fi ta tsakar ranar bazara nauyi, don haka injin da aka saita da zafi zai nemi ƙarin mai da sanyi. Haka wanda aka saita a Jos ko tsaunin Mambila, inda iska ba ta da nauyi, in aka sauko da shi ƙasa sai an ƙara masa. Itace mai tauri irin ƙirya da marke, da tsagar katako mai daɗewa, su ma suna son H ya ɗan karkata wajen mai.

Taɓa silinda

Bayan salansa akwai masu shiga cikin injin. Mafi sauƙi shi ne sa siririn gasket a ƙarƙashin silinda, ko cire shi a shafa gam mai jure fetur, don matsi ya ƙaru. Kafin haka ana zura wayar dalma ta ramin fulogi har ta taɓa bango, a juya inji fistan ya latse ta, a auna kaurinta. Tazarar kada ta gaza milimita 0.5, in ta gaza fistan zai doki kan silinda. Faɗaɗa ƙofofin kuwa aikin gwani ne. Ƙofar hayaƙi in ta wuce kusan kashi 65 zuwa 70 na faɗin silinda, ringi zai kumbura ciki ya karye, in kuma aka ɗaga rufinta, injin zai yi gudu ya rasa ja. Wanda injin nan ne abincinsa, shawarata ya tsaya a salansa da saiti.

Ƙarar injin yankan katako ta wuce desibel 100 tun kafin a taɓa shi, alhali daga 85 kunne yake fara cutuwa in an daɗe, don haka abin toshe kunne ya zama dole gare ka da yaron da ke taya ka. Sarƙar ma yanzu ta fi gudu, ka tabbatar birkinta yana kamawa kafin ka shiga aiki.

Bayan tankin farko, bar injin ya huce ka sake ɗaure notinan salansa, domin zafi yana sassauta su. Duba robobin da ke kusa da sabon ramin ko sun fara narkewa, in sun fara ka lanƙwasa murfin ya kauce musu. Bayan tanki huɗu ko biyar, sake cire salansar ka haska fistan. In yana nan sumul da danshinsa, saitin ya zauna. In ka ga ya bushe ko siririn zane ya fara fitowa a gefen hayaƙi, ƙara wa H mai, ka sake neman ɓarauniyar iska kafin ka kuma tayar da shi.